Saura Ke

Montreuil, 4 ga Maris, 1986

Zuwa ga ƙanwata Hassiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina sanyin Lyon? Yaya Raliya da karatun lekol? Ki gaida Kadidiyatu da maigidanta, Allah ya saka musu da suka riƙe ku. Yaya haƙurin Inna? Allah ya jiƙanta.

Bayan haka, kin san ni ban iya noƙe-noƙe ba. Maganar mijinki Illo ce ta sa na ajiye ludayi na ɗauki biro, ga tukunyar tuwon mazan gidan ma'aikata tana jirana a kan wuta.

Na san ƙanena ya cuce ki. Ban manta ba bara alƙalin Paris ya yi masa ɗaurin talala saboda dukan da ya yi miki, ya kafa masa sharaɗi kada ya kusanci inda kike, kada ya yi miki magana. Amma Hassiya, mutuwa fa aka yi. Ya ji a masallaci cewa Inna ta rasu a Damagaram, za a yi sadakar bakwai a gidan Kadidiyatu, sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi ta'aziyya. Wane ɗan Hausa ne zai ji surukarsa ta rasu ya naɗe ƙafa? Nasara ba su san wannan ba, amma ke kin sani.

Ga shi yanzu yana kaso a Lyon. Lauyansa ya ce karya sharaɗin ba shi ne babban abin ba, wannan 'yan watanni ne. Abin da zai kassara shi kalma biyu ce da kika ce ya faɗa miki a bakin ƙofa: "saura ke". Tafinta ya fassara wa alƙali da cewa ke ce ta gaba, aka rubuta barazanar kisa. In wannan ta tabbata, shekara biyu ce, kuma in ya fito za su karɓe takardunsa su sa shi a jirgi. Illo kuwa ya rantse mini ba haka yake nufi ba. Babanki ya tafi, Inna ta tafi, ke kaɗai kika saura a gidanku. Tausayi ne.

An riga an yanke masa shekara biyun, amma an ɗaukaka ƙara, za a zauna a watan Mayu. Roƙona ɗaya ne: ki je ki ce firgita ce ta sa kika ɗauki maganar a baibai. Ban ce ki koma gidansa ba. Ki duba Raliya dai, kada ta tashi ubanta na bayan teku.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Zuwera

*

Vénissieux, 15 ga Maris, 1986

Zuwa ga Yaya Zuwera,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da aiki da zafin murhu. Raliya lafiya lau, haƙoranta na gaba sun fita, tana ta ɓoye baki. Kadidiyatu na amsawa. Haƙurin Inna sai godiya.

Yaya, ke kika tarbe ni a filin jirgi ranar da aka kawo ni ƙasar nan, kika cire rigar sanyinki kika sa mini. Ban taɓa yi miki musu ba, kuma yau ma ba da son raina ba ne.

Na san yadda ake ta'aziyya. Mutum yakan yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna, ya ɗaga hannu a shafa fatiha. Illo bai yi ko ɗaya ba. Na buɗe ƙofa da farantin masar sadaka a hannuna, na zaci maƙwabta ne. Bai ce Allah ya jiƙanta ba. Ya sunkuyo ta kunnena na dama, domin ya san na hagun ba ya ji tun marin da ya kai mu gaban alƙali, ya faɗi kalmar a hankali. Farantin ya faɗi, Kadidiyatu ta fito da ihu, maƙwabciya ta kira 'yan sanda.

Kalmar nan ba baƙuwata ba ce. A ɗakinmu na unguwar Goutte d'Or a Paris, Illo ba ya farawa da ni. Sai ya fara fasa wani abu, kofi, ko madubi, ko rediyo, sannan ya juyo ya ce "saura ke". Kin tuna kaset ɗin da Inna ta aiko mini ta hannun wani ɗan kasuwa, wanda take ba ni labarin akuyoyinta tana yi wa Raliya kirari? Shi ya taka da takalmi a karon ƙarshe, yana jan zaren yana naɗewa a yatsa. Yanzu Inna ta tafi, ba ni da muryarta ko ta minti guda. Wannan ya fi kunnen ciwo.

In na je na ce ban ji daidai ba, zai fito a watan Mayu, kuma ya riga ya san ƙofarmu. Tsoro nake ji, Yaya. Ki yafe mini, ba zan canza maganata ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarki, Hassiya

*

Montreuil, 2 ga Afrilu, 1986

Hassiya,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya.

Na karanta. Ashe kin yi baki! Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da ni, yau ita ke koya mini yadda ake zaman makoki. To, madalla, boko ya yi rana.

Na je Lyon ranar Asabar, ban biyo ta wajenku ba, don raina a ɓace yake. Na ga Illo. Ya rame har wuyan rigarsa na lilo, abincinsu ba ya shiga masa. Kilishin da na kai masa ma masu gadi suka hana. Yana ganina ya fashe da kuka, yana "Yaya, ki fidda ni". Ni na goye shi, Hassiya. Uwarmu ta rasu yana rarrafe, ni na tauna na ba shi, ni na sayar da awarwarona na yi masa kuɗin jirgi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tunda kin ƙi, lauya ya samo wata hanya. Ya ce tafintan farko ɗan makaranta ne da ya daɗe da barin gida, ana buƙatar babbar mace da ta san al'ada ta tsaya ta bayyana wa alƙalai cewa "saura ke" magana ce ta jaje a wurinmu. Ya tambaye ni ko zan iya. Na ce me zai hana? Ba ƙarya ba ce, ai Hausa ta yarda da hakan. In an ci an bar loma, ba saura ake ce mata ba?

Na faɗa miki ne don kada ki gan ni a kotu ki ce na ci amanarki a ɓoye. Ni a gaban ido nake yin abina.

Ki shafa mini kan Raliya. Ki ce ta jefa haƙoran a kan rufi, in akwai rufin da hannu ke kaiwa a dogayen benayen nan naku.

Zuwera

*

Vénissieux, 11 ga Afrilu, 1986

Zuwa ga Yaya Zuwera,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji faɗanki, na kuma karɓa, babba ba ya laifi.

In kin zo zaman kotu, kada ki kama ɗaki a otel. Kadidiyatu ta ce katifarki na nan, ko me za ki faɗa wa alƙalai. Raliya na ƙirga kwanaki.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kin amsa mini komai, har da wanda ban tambaya ba, amma ba ki ce uffan ba a kan abin da na gaya miki, cewa sai ya fasa wani abu yake faɗin kalmar. Ke da ba kya barin magana ta faɗi ƙasa. Ban san dalili ba, kuma ban matsa ba.

Ki huta lafiya.
Hassiya

*

Montreuil, 23 ga Mayu, 1986

Ƙanwata Hassiya,

Ina gaisuwa. Kin gan ni na fice daga kotu ban waiwaye ki ba, ban kuma zo na kwana a katifar ba. Ba fushi ba ne. Ƙafafuna ne suka kai ni tashar jirgi ban sani ba.

Kina wurin, kin ji abin da na ce, amma ba ki san daga inda ya fito ba. Wallahi da niyyar ceton Illo na shiga. Na haddace maganata tsaf kamar karatun allo. Lauya ya tambaye ni ko "saura" na nufin abin da ya rage, na ce ƙwarai. Sai wannan alƙaliyar mai farin gashi ta cire tabarau ta ce, "Madame, ke da kunnenki, kin taɓa jin an faɗi haka a gidan makoki?" Na ce a'a. Ta ce, "To a ina kika taɓa ji?"

Hassiya, a tsakar gidanmu na ji. Babanmu, Allah ya gafarta masa, in ya dawo daga kasuwar fata ransa a ɓace, jera mu yake yi a jikin rumbu. Ni ce babba, da ni ake farawa. In ya gama da ni, sai ya sake naɗe igiyar a hannu, ya juya wajen Illo ya ce "saura kai". Illo na tsaye yana jiƙa wando. Jiran nan ya fi dukan, shi da kansa ya sha gaya mini. Ranar da na karanta wasiƙarki na gane muryar, na ninke takardar na tura ƙarƙashin buhun shinkafa, na ce ban gani ba.

Shi ya sa na ce wa alƙaliya: a gidan makoki ban taɓa ji ba, a wajen duka nake ji. Ba don ke na faɗa ba, kada ki gode mini. Bakina ne ya ƙi.

Abin da ba ki ji ba shi ne lokacin da za su fita da shi. Ya tsaya daidai inda nake, ya ce, "Daga yau ba ni da yaya." Yaron da na goya. Ga shi mutanenmu na nan sun ji labari, jiya Alhaji Hudu na gidan ma'aikata ya karɓi tuwonsa bai amsa gaisuwata ba. Ban san ko daidai na yi ba. Na dai san ba ni da kowa yanzu, kuma zuciyata ciwo take.

Akwai bashin gaisuwa a kaina. A wasiƙata ta farko na yi miki ta'aziyya a layi ɗaya, ina sauri in kai ga buƙatata. Ga ta yanzu a zaune, takalmina a waje. Yaya haƙuri, Hassiya? Yaya muka ji da rashin Inna? Mace ce mai kyauta, ba a fita gidanta hannu sake. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta, ya ba ki dangana. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

In an yanke hukunci ki sanar da ni. Lauyan ba ya ɗaukar wayata.

Yayarki, in har yanzu kin yarda,
Zuwera

*

Vénissieux, 11 ga Yuni, 1986

Yaya,

Ina gaisuwa. Amin, amin, na karɓi ta'aziyya. Sai da na karanta ta na iya yi wa Inna kuka.

An yanke jiya. Sun bar hukuncin yadda yake. Ban yi murna ba, amma na yi barci har rana ta fito. Na gaya wa Raliya babanta ya yi tafiya mai nisa, sauran bayanin sai ta girma.

Haƙoran nata suna cikin akwatin ashana. Ta ƙi jefawa, ta ce sai Gwaggo ta zo ta nuna mata rufin.

Kin ce ba ki da kowa. Na daɗe riƙe da biro kafin in iya rubuta wannan kalmar, amma ga ta: saura mu, Yaya, ni da Raliya. Katifar na nan ba a naɗe ba.

Ƙanwarki,
Hassiya