Makarar Baƙo Ta Rasa Hannu Na Huɗu

Zuwa ga mai girma Daraktan shirin horar da matasan jagorori na ƙungiyoyin taimakon al'umma, a nan Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, ina neman uzuri idan ka ji alƙalamina da zafi. Na ajiye shi ya huce, na ɗauko, na tarar ya ƙara ɗumi.

Sunana Malam Iddirisu, teila a Dabokpa. A hannuna 'yar ƙungiyar da iyayenmu na zango suka bar mana take, kuma aikinta ɗaya ne tak: idan baƙo Musulmi ya rasu a garin nan ba shi da kowa, mu ke karɓo shi, mu wanke shi, mu suturta shi, mu raka shi makwancinsa. Ba mu da ofis, ba mu da allo a bakin titi. Abin da muka mallaka makara ce, da diga da shebur, da farin ƙyallen da nake yankawa a shagona. Na taɓa tsara mana baiti:

Baƙo ya zo neman abinci garinmu,
Ajali ya riske shi a kan titinmu,
Ba uwa, ba ƙane, sai hannayenmu,
In mun janye, wa ya saura bayanmu?

Ga kukana dalla-dalla.

Na farko. Mu uku muka rage cikin manya. Alhaji Bawa ido ya tafi, Baba Seidu numfashi ya yi masa gajarta, ni kuwa tun da babur ya kayar da ni a hanyar Gbalahi bayana bai sake yarda in sunkuya cikin rami ba. Fatanmu duka yana kan saurayi guda, Fuseini, wanda ya yi shekara da shekaru yana tsaye a gefena. A hannuna ya koyi yadda ake juya mamaci a hankali kamar mai barci, da yadda ake rufe al'aurarsa ko da babu mai kallo sai Allah. Shi ke da Turancin shiga wajen 'yan sanda da asibiti, shi ke da babur, shi ke da abokan da idan ya kira su suke zuwa da diga a kafaɗa. Da muka ji kun zaɓe shi cikin shirinku, har addu'a muka yi muku a masallaci. Mun ɗauka za ku wasa mana wuƙarmu ku maido. Ashe ƙotar za ku cire.

Na biyu. Kun haɗa shi da wani jagora daga Ankara, babban birnin ƙasarmu Gana, abin da kuke kira menta, mutumin da bai taɓa taka maƙabartarmu ba, ta waya kawai suke ganin juna. Fuseini da bakinsa ya faɗa mini, kansa a sunkuye, abin da wannan bawan Allah ya koya masa. Wai aikin binne baƙi ba shi da tasirin da za a auna. Wai wanda aka taimaka dole ya iya tsayawa gaban masu ba da tallafi ya ce rayuwarsa ta canja, mamaci kuwa ba ya ba da shaida. Wai kuma jagora ba ya riƙe shebur, tsarawa yake yi wasu su haƙa. Subhanallah! Yaron da na ga hawayensa na zuba a kan ƙafar wani tsoho da ko sunansa ba mu sani ba, shi aka zaunar aka koya masa jin kunyar ƙasar da ke farcensa. Ga amsata ga malamin nasa, a isar masa:

Ka ce gawa ba ta furta godiya,
Ba ta tsayawa hoto tana dariya,
Na yarda, nan kam ka faɗi gaskiya,
Shi ya sa ladanta ba ya nan duniya.

Na uku. Yanzu Fuseini yana unguwar Vittin yana koya wa matasa tallar kaya ta waya, abokansa masu diga sun bi shi. Ban raina wannan aiki ba, Allah ya sa albarka a cikinsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an sa shi zaɓi, an ce mai neman zama jagora ba ya raba hankalinsa biyu. Wa ya tambaye mu? Kun zo kun ɗauki ginshiƙi daga ɗakin mutane, ba wanda ya leƙo ya ga abin da ke kansa. Ko gaisuwa ba a aiko wa dattawan da suka rene shi ba. Shirin da ke koyar da jagoranci bai san cewa yaro yana da magabata kafin ya same shi ba?

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani mutumin Gawo ta ƙasar Mali mai tallar kwaɗo da makulli a bakin tasha, kowa Maiga yake ce masa, ba wanda ya san sauran sunan. Ya yanke jiki ya faɗi da tirensa a ka, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ranar Fuseini yana wajen bitarku a otal, inda dokarku ta ce a kashe waya. Da ya fito ya ga kirana, ya aiko saƙo cewa yana shirin gabatar da aikinsa gaban baƙinku, in yi haƙuri. Na yi. Maiga ne ban san yadda zan ba shi haƙuri ba. Juma'a ta zo ta wuce yana kwance a ɗakin ajiye gawa, cikin sanyi, mutumin da addininsa ya ce a gaggauta kai shi. 'Yata ce ta riƙa goya ni a babur daga wannan ofis zuwa wancan, tana fassara mini, ina dafe da baya, har aka yarda za a ba mu shi. Ka sani, ranka ya daɗe, binne Musulmi farilla ce a wuyan gari duka. Idan aka rasa mai yi, laifin ba ya tsallake ofishinka don yana da na'urar sanyaya ɗaki.

Ga abin da nake roƙo. Kafin ku ɗauki matashi, ku je ku gaida waɗanda suka fara renonsa, ku tambaye su me zai faɗi idan ya matsa. Ku zaɓo masu jagoranci da suka san garin, ko aƙalla ku sa na nesa su zo su gani da idonsu kafin su yanke wa aikin mutane hukunci. Kuma kai da kanka ka kira Fuseini ka faɗa masa cewa shebur ba ya rage wa jagora daraja. Daga bakina ya daina jin wannan, daga bakinku yake ji yanzu.

An ce mini kai ma daga zangon Kumasi ka zo, danginka suna can. Allah ya ja kwananka, ya mayar da kai cikinsu lafiya, ya sa kada ka taɓa buƙatar irinmu. Amma ka tuna a Tamale sunanka baƙo.

Ranar Juma'a mai zuwa da hantsi, in Allah ya yarda, za mu fito da Maiga. Jama'a za su taru don salla, ba su taɓa ƙi ba. Sai dai ɗakin ajiye gawar nan mai sanyi ba kowa ke iya shigarsa ba, kuma makara hannu huɗu take so. Makaho zai kama ɗaya, mai haki zai kama ɗaya, mai ciwon baya zai kama ɗaya. Na huɗun yana wajenka. Ka aiko mana da shi, ko ka naɗe hannun rigarka ka zo.

Allah ya yi maka jagora, ya shiryi masu shiryar da 'ya'yanmu, ya jiƙan baƙon da bai san an yi wannan rubutu dominsa ba.

Wassalam.

Malam Iddirisu Teila,
Dabokpa, Tamale.