Gida Hamsin da Bakwai a Cikin Layi Ɗaya

Litinin, 7 ga Mayu, 2012

Na gama. Sunayen manoman ƙungiyarmu sun tafi ofishin Kaduna da azahar, daga can za a aiko wa kowane gida da irin masara. Wata uku ina rubuta manhajar nan da harshen kwamfuta na PHP, ita take kwaso sunaye ta zuba su a fayil ɗin XML yadda na Kaduna suke so. Kwamfutarsu ta karɓa ba gardama. Shugaba, Alhaji Lawal, ya ce, "Sakina, kin fitar da mu kunya." Ba mai iya cewa Sekinat, ainihin sunana, a Funtua, na daina gyara wa mutane tun ina firamare.

Malam Aƙilu, malamin gona, abokin marigayi babana, ya leƙo allon kwamfutar. Fayil ɗin layi ɗaya ne tal daga farko har ƙarshe, ba sarari ba sakin layi. Ya ce, "'Yata, wannan ai kamar an farke buhun gero. Baje min shi in ga mutanena." Na ce, "Baba, ba don idon mutum aka yi shi ba." Ya ciro littafinsa, irin tsarin da yake bi tun 1984: sunan unguwa a bakin takarda, mai gida ya shiga ciki da yatsa ɗaya, 'ya'yan gandu yatsa biyu. Na yi masa tsiya cewa a kai shi gidan tarihi. Ya yi dariya, ni ma na yi.

Alhamis, 24 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai. Iri ya iso, ana ta rabo.

Asabar, 26 ga Mayu

Unguwar Mudi, can bayan Dayi, ba su samu ko ƙwaya ba. Gida hamsin da bakwai. Shiyyar Baba Aƙilu ce.

Talata, 29 ga Mayu

An yi zama a ofis. Baba ya kawo littafinsa, ya ce ya je unguwar sau uku da rani kuma ya miƙo takardunsu. Alhaji ya ce littafi kowa na iya cika shi a zaure. Sai ya juyo gare ni. Na buɗe fayil a gaban kowa, na nemo "Unguwar Mudi", kwamfuta ta ce babu. Na ce duk abin da aka ba ni ya tafi, na'ura ba ta mantuwa. Har da ɗaga kafaɗa na faɗa, na tuna sarai.

An dakatar da Baba daga aiki. Shekara ashirin da takwas yana aikin gona. Da zai fita bai kalle ni da fushi ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce kawai in gaida Mama.

Juma'a, 8 ga Yuni

A kasuwar Dayi ana cewa Baba sayar da irin Unguwar Mudi ya yi. Direbanmu ya ce Baba ya yi wa wasu dattawan unguwar sallama sun ƙi amsawa. Mutanen sun shuka tsohon irin da suka rage a rumbu, wasu gonakin kuma suna nan fayau.

Mama ta ce, "Aƙilun da ya wanke gawar ubanki ne ɓarawo?" Na ce ni ban ce ɓarawo ba ne. Ta ce, "To me kika ce?" Na tashi na bar mata tuwon.

Laraba, 13 ga Yuni

Kaduna suna son fayil na biyu don taki. Na ce bari in baje shi ya karantu, ba don komai ba, don in rufe bakin masu magana. Na loda fayil ɗin, na kunna formatOutput, umarnin da ke baje layuka. Ya fito a dunƙule yadda yake. Sau shida ina gwadawa. Haushi kamar in jefar da kwamfutar ta taga.

Alhamis, 14 ga Yuni

Na kira Yaya Lateef a Zariya, shi ya koya min aikin. Ya ce in fara kashe wani umarnin, preserveWhiteSpace, kuma kafin in loda fayil ɗin, ba bayan nan ba, sannan in kunna ɗayan. "Layi biyu ne fa, Hajiya Farfesa." Na yi yadda ya ce.

Ya baje. Unguwa a bakin allo, mai gida ya ɗan shiga ciki, 'ya'yan gandu sun ƙara shiga. Littafin Baba sak. Na fara saukowa ina murmushi, har na zo gidan ƙarshe na unguwar da ke gaban Unguwar Mudi, gidan wani Mati. Mati yana da 'ya'yan gandu sittin. Uku nasa ne. Sauran hamsin da bakwai ɗin magidanta ne, har da tsoho ɗan shekara tamanin, duk sun zama 'ya'yan Mati. Kaduna kuwa mai gida kawai suke ƙirgawa.

Ni na tsara cewa manhajar ba ta buɗe sabuwar unguwa sai ta ga sunan mai unguwa. Mai unguwar Mudi ya rasu a watan Janairu, ba a naɗa wani ba, Baba ya bar gurbin ba komai don ba ya rubuta abin da babu. Sai ta tattara mutanen ta cusa su ƙarƙashin gidan da ta bari a buɗe. Suna ciki tun ranar farko. Da na baje fayil ɗin ranar da Baba ya roƙe ni, da minti biyar ya ishe shi.

Na kashe kwamfutar na tafi gida.

Juma'a, 15 ga Yuni

Ban faɗa wa kowa ba.

Litinin, 18 ga Yuni

Na gyara manhajar, fayil ɗin taki ya tafi daidai. Ba wanda zai taɓa sani idan na yi shiru. Na rubuta wannan ne don in ga yadda yake a rubuce. Ba kyau.

Alhamis, 21 ga Yuni

Na kai wa Alhaji takardun da na buga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ƙofa. Ya ce idan Kaduna suka ji manhajarmu ce ta zubar da unguwa guda, baɗi ba za su ba mu iri ba, gidaje dubu biyu su sha wahala. "Aƙilu dama ya kusa ritaya. Ki bar shi a haka, Allah ya san gaskiya." Na ce to. Wallahi na ce to.

Lahadi, 24 ga Yuni

Gwaggo Asma'u, matar Baba, ta aiko. Baba ya faɗi jiya a bakin rijiya, hawan jini. Yana asibiti a Malumfashi, ɓarin dama ya shanye.

Talata, 26 ga Yuni

Na je. Bakinsa ya karkace, magana sai an kasa kunne. Na durƙusa a gefen gado na faɗa masa komai, ban rage ba, Gwaggo tana tsaye tana ji. Na shimfiɗa takardar fayil ɗin da na buga a ƙirjinsa. Ya ɗora yatsan hagu a kan sunan Mati, ya matsa ciki, ya fara sauka layi-layi yana motsa leɓe. Bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Sun cika." Sai kuma, "Kin ga yanzu yana karantuwa."

Shi ke nan abin da ya ce. Gwaggo ba ta raka ni ko bakin ƙofa ba, kuma ba ta yi laifi ba.

Juma'a, 29 ga Yuni

Na hau mota zuwa Dayi, daga nan babur zuwa Unguwar Mudi. Na jira aka sauko daga masallaci, na roƙi liman ya tsayar min da mutane. Na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, na ce Malam Aƙilu ya kawo su duka, a hannuna suka ɓace. Wani dattijo ya ce, "To, 'yar nan, masarar fa?" Lokacin shuka ya wuce.

Alhaji ya kira sau tara. Ban ɗauka ba.

Laraba, 4 ga Yuli

An yi jana'izar Baba da hantsi. Mutanen Unguwar Mudi sun zo mota biyu, su suka ɗauki makara.

Litinin, 9 ga Yuli

Takardar sallamata daga aiki ta zo, ban ma buɗe ta sosai ba. Gwaggo ta aiko min da littafin Baba a leda, ba saƙo. Akwai sauran shafuka a baya. Na kwafe sunayen hamsin da bakwai ɗin a ciki, kowa a bakin nasa layin, yatsa ɗaya daga gefe. Na bar gurbin mai unguwa ba komai. Ba wani abu ba ne, hannuna ne kawai ba ya son zama haka nan.