Akwati ya cika, maƙogwaro na ƙaiƙayi

Daren Laraba, Longsight

Ɗiyata Rahila ta iso daga Birmingham da yamma, ta zube kaya a tsakar falo. Jibi za mu tashi zuwa Ruwanda ganin goggon biri a kan dutse. Tun tana jami'a take mafarkin tafiyar nan, kuma ta bar ƙawayenta ta zaɓe ni.

Ta sa na gwada komai, takalmin hawan dutse mai nauyin tsiya, rigar ruwa, har safar hannu saboda ƙaya. Ni da ban taɓa fita da wando ba, yau ga ni na cusa ƙafarsa cikin safa, wai kada kwarkwasa ta hau ni. Ta yi dariya har da hawaye.

Tana saka takunkumin fuska a jaka ta ce, "Mama, kin san mai mura ba a barinsa ya hau? Birin na ɗaukar cutarmu."

Tun safe maƙogwarona ke ƙaiƙayi. Na shige kicin na dafa citta, na ce mata sanyi nake ji.

In na faɗa, na san halinta, cewa za ta yi ita ma ta fasa. In kuma na yi shiru, na je na yi wa ɗan biri tari fa?

Tana barci a ɗakinta na da, ni ina danne tari da filo. Allah ka sa ƙurar akwati ce. In na tashi da shi gobe, zan gaya mata, in roƙe ta ta hau ko babu ni.