Sabulu a Kan Izga

Daren Alhamis, Gwallameji

Yau muka yi gwajin ƙarshe kafin wasan ranar Asabar. Shekara biyu ke nan ina rungume da selo, ƙaton gogen nan na Turawa, ina jiran ranar da zan zauna cikin makaɗa a gaban jama'a.

Da aka tashi, malaminmu Mista Okon ya ja ni gefe. "Oga Sani, za ka zauna da mu, amma kawo sanda naka." Maimakon ƙaron da ake goga wa izgar sandar gogen don ta ba da sauti, sai ya ciro sabulu ya goga mata. Na ja ta a kan tsirkiya, ko ƙis ba ta yi ba.

"Hannu naka yana da kyau, kunne ne babu," in ji shi. "Bari mutane su ga hannu."

Duk karance-karancena ban taɓa jin makaɗin da aka wanke wa sauti ba. Abin takaicin shi ne ban yi musu ba, don ni ma ina jin yadda kiɗana yake fita. Zan je, na riga na kai babbar rigata guga.

Ɗazu na sake gwadawa a falo da sandar nan mai sabulu. Matata Hajiya ta leƙo daga kicin, fuska a sake. "Baban Amina, ka haƙura ke nan? Alhamdulillahi."

Ina tsakiyar waƙar ne a lokacin.