Baban Azumi Ya Ce A'a

Litinin, 3 ga Oktoba

Saura mako biyu gasar muhawara ta makarantun sakandare, har yanzu ba ni da wanda zan tsayar. Shugaban makarantarmu, Malam Hammajoda, ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: in bana ma ba mu taɓuka komai ba, zai rushe ƙungiyar muhawara ya ba 'yan ƙwallo ranar Larabarmu. Shekara shida ina fama da ƙungiyar nan. Ƙwallo!

Laraba, 5 ga Oktoba

Na gwada su, su goma sha ɗaya. Taken da za mu kare: "Noma ya fi aikin ofis." Habila ya cinye mintinsa uku wajen gaida alƙalai da mai duba lokaci. Roda ta jero karin magana bakwai, ko ɗaya bai shafi noma ba. Azumi ce kaɗai, 'yar ƙauyen Miri, ta faɗi abin da ke shiga kai, amma kanta a sunkuye. Na ce, "Azumi, alƙalan a ƙasa suke?" Ta ƙara sunkuyawa.

Na maimaita mata abin da aka koya mana a kwaleji: ki kalli mutum ido da ido, ki ɗaga murya, ki ƙirga hujjojinki da yatsu.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Baban Azumi ya ce ba za ta je ba. Wai 'yarsa ba za ta tsaya gaban manya tana sa-in-sa da maza ba. Gobe zan je Miri da kaina. Ni da nake koyar da shawo kan mutane, manomi ɗaya ba zai gagare ni ba.

Asabar, 8 ga Oktoba

Ya gagare ni.

Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure damin gero. A tsaye na gaishe shi, don mai babur yana jirana. Na kafa masa ido, na ɗaga yatsa: na farko, ilimi, na biyu, ƙarfin zuciya. Ban kai na uku ba ya ce, "Malama Paulina, abin da kike koya mata ke nan?" Na ce e. Ya ce, "To, na gani. A gaida gida." Ya koma kan daminsa.

Ni da na tashi a Tafawa Ɓalewa, inda ko ruwa ba na miƙa wa Babana a tsaye. Haushi ya cika ni, ban ma san ko nasa nake ji ko nawa ba.

Litinin, 10 ga Oktoba

Na sa Roda ta fara haddar jawabin. Ta ƙaro karin magana biyu. Kaina ciwo yake.

Talata, 11 ga Oktoba

Ina gyaran littattafai Azumi ta shigo ta rusuna. "Malama, Baba ya yarda."

Na ce ta zauna ta faɗa mini yadda aka yi, kada ta tsallake komai.

Wai ta bari sai da ya ci tuwo ya sha ruwa. Ta zauna gefen tabarma ta ce, "Baba, akwai 'yan wata makaranta da za su tsaya gaban jama'a su ce aikin ofis ya fi noma. In kai ne me za ka ce musu?" Wai sai ya gyara zama. "Biro suke ci?" Daga nan ya ɓarke: ma'aikaci yana ritaya, gona ba ta yi, wanda ke ofis ma in damina ta faɗi kwance masa take yi ya nemi Miri. Tana rubutawa. Da ya gama ta ce, "Kash, da ma akwai mai kai musu wannan magana." Sai ya ce, "Yaushe ne taron?"

Da kansa zai zo, ya ji ko ta faɗa daidai.

Na ce, "Kin dai kalle shi kina magana?" Ta ce, "Haba Malama, Baba ne fa."

Na karanta abin da ta rubuta. Ya fi nawa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Saura motar makaranta, in babu ita babu tafiya. Sau biyu na rubuta wa Malam Hammajoda takarda, da hujjoji a jere, sau biyu yana cewa a'a.

Yau na shiga ofishinsa na gaishe shi sosai, na tambayi ciwon gwiwarsa, na jira ya gama shayi. Sannan na ce na rasa dabara, shawara na zo nema: yaya zan kai ɗalibai goma sha ɗaya da dattijo ɗaya wurin gasa? Ya shafa gemu ya daɗe yana tunani. "Ai sai ku ɗauki motar makaranta. Me ya hana ki tambaya?"

Na ce, "Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe."

Gobe Azumi ce za ta koya wa sauran. Muryata ce ta dushe, ba wani abu ba.