A Mayar Mana da Ruwanmu na Iya Gwiwa

Zuwa ga Maigirma Shugaban ofishin da ke kula da gyaran bakin kogi, a nan Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi maka barka da aiki, barka da zafi, da fatan iyali suna lafiya. Ka gafarce ni da ban kira sunanka ba. Na duba allon da ofishinka ya kafa a bakin ruwa sama da ƙasa, na ga hani, na ga gargaɗi, ban ga sunan mai hanin ba. Shi ya sa na biyo ta jarida, ko Allah ya sa takardar ta iske ka.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mazaunin Zongo, mutumin Adar. A garinmu ruwa can ƙarƙashin ƙasa yake zama, sai an zura masa igiya mai tsawo an lallashe shi kafin ya hau. Na yi karatu daidai gwargwado. Ina iya zana wa yara kogin nan a allo tun daga duwatsun da ya fito har inda ya faɗa teku, ba tare da na manta lanƙwasa ɗaya ba. Abin da ban iya ba shi ne iyo. Na taɓa sayen wani ɗan littafin Faransanci mai koyar da shi, na kwanta rub da ciki bisa benci a tsakar gida ina wutsil-wutsil da hannu da ƙafa, har maiɗakina ta leƙo ta tambaya ko a kira malam ya yi mini tofi. A bisa benci, ranka ya daɗe, duk Zongo babu wanda ya kama ƙafata. Na faɗi wannan tun farko don ka san irin mutumin da ke maka kuka.

Na farko, wurin da muka rasa.

Ƙasa da unguwarmu, gaba kaɗan da inda masu wanki ke shanya, akwai wani reshen ruwa da kogi ke bari idan ya janye da bazara. Ƙasansa rairayi ne mai laushi, ba ya ja, kuma inda ya fi zurfi a gwiwata yake tsayawa. Tun zamanin Anasara, da an yi la'asar za ka ga unguwa ta gangara can: matan Zabarmawa da tabarmi, teloli da suka wuni cikin shago, direbobi da 'ya'yansu a wuya, tsofaffi suna jiƙa ƙafa suna gulmar zamani. Ba a tambayar kowa kuɗi, ko tamma. Ba a tambayar kowa ɗan gidan wa ne.

Ka san yadda ɗakin kwano yake da rana a wannan lokaci. Ka san jerin gwanon tuluna a famfon unguwa, inda abin da aka samu na sha ne da girki, ba na wasa ba. Yara kan fito da ƙurajen zafi a wuya da baya, su kasa zama, su hana kowa zama. Wannan ɗan ruwa shi ne maganinsu, shi ne kuma hutun iyayensu. Mun san akwai pisin, wato ginannen tafkin wanka, a otel, wanda manya ke shiga da ɗan kamfai na musamman. Ba mu yi masa hassada ba. Ni dai ko kyauta aka ba ni, ɗalibaina ba za su ga cinyata ba.

A wannan ruwa, ranka ya daɗe, ni jarumi ne. Nakan naɗe wando, in tsaya tsakiya da littafi a hannu, ina karatu da ido ɗaya, ɗayan yana kan 'yata Rakiya da ƙannenta. Idan wani ya zame, sai in sunkuya in ɗago shi da hannu guda, ko shafi ba na ɓatarwa. Iyaye mata kan bar mini nasu su tafi sayen kifi. Shekara da shekaru ban rasa yaro ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jiƙa aljihuna ba.

Na biyu, allon hani.

Da sanyin da ya wuce ma'aikatanka suka zo suka kafa turaku, suka ja waya, suka kafa allo da baƙaƙen haruffa na Faransanci. Gaskiya ita ce da farko allon bai dami kowa ba. Masu wanki sun ji daɗinsa ƙwarai, don ya dace da shanya zane. Da an bar shi haka, da har yau muna zaman lafiya da shi.

Amma akwai mai karatu a unguwa. Na ɗaga zanen wata baiwar Allah, na gyara murya, na karanta wa jama'a cewa an hana wanka a nan, an tanadi sabon wuri can sama. Na fassara da Hausa. Ba wanda ya roƙe ni, na ƙara da Zabarmancina, wanda ko 'yan kasuwa sai sun kau da kai sun yi dariya kafin su ba ni amsa. Na kuma yi ɗan wa'azi: na ce yanzu mun samu mulkin kai, doka ba ta kumandan Anasara ba ce, tamu ce, wanda ya taka ta kansa ya taka. Har yau ina ganin maganar ta yi kyau. Da aka turo gardi, wato mai gadi, bayan 'yan kwanaki ya fara korar mutane, unguwa ta yanke hukunci cewa ni na jawo shi da bakina. Tun daga ranar sunana ya koma Mushe An-Hana, Mushe kuwa da shi ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Mai ƙosai da shi take gaishe ni. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kan tsayar da ni a hanya ta tambaya, da ladabi sosai, ko yau an yarda a sha iska ko ita ma an kafa mata allo.

Na uku, sabon wurin.

Ba zan rage wa ofishinka komai ba, an yi aiki. An zuba matakala ta siminti mai faɗi, an yi rumfa, an kafa turaku masu jan fenti da ke nuna iyakar inda aka yarda a yi wanka, an sa gardi da usur da wata farar taya ta ceto. Kuma kyauta ne, Allah ya saka. Na je kallon buɗewa, ruwa na lasar matakala, na yi tafi har hannuna ya yi ja.

Sai dai an yi awo da buɗewar duka cikin sanyi. Kogin nan namu, kamar yadda kowa ya sani a Yamai, da sanyi yake cika ya batse, lokacin da ba mai marmarin taɓa shi. Da bazara, lokacin da ake nemansa, sai ya tattara ya koma tsakiya. Ni kaina ina koyar da wannan a aji, ina ma ba da sifili ga wanda ya manta. Ranar buɗewa ban tuna ba, ina ta tafi.

Wata Alhamis da ba lakwal, da zafi ya kai inda ya kai, na ce yau zan nuna wa unguwa amfanin bin doka. Na sa iyali a gaba. Maiɗakina da tabarma da tulun sha, yara da ƙwaryar wasa, ni a baya da laima da littafi. Muka ratsa unguwa ana kallonmu. Muka isa, muka gangara matakala a natse, muka sauka cikin rairayi mai ƙuna. A inuwar matakalar ƙarshe akwai akuya kwance tana tuƙa. Ruwan yana can nesa, bayan jajayen turaku, yana walƙiya kamar madubi.

Gardin mutumin kirki ne. Ya tashi ya gaishe mu, ya yi mana barka da zuwa, ya ce mu ne na farko tun da zafi ya shigo. Ya nuna mana iyaka, ya roƙe mu kada mu wuce turaku don can akwai haɗari. Yaran suka tsaya suna kallona. Can Rakiya ta durƙusa ta fara tonon rairayi da ƙwarya, ƙannenta suka taya ta, har ɗan danshi ya fito a ƙasan ramin. Na gane aikin nan, shi muke yi a busasshiyar ƙorama a garinmu tun ina yaro. Maiɗakina ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi dai, in don wannan ne, da Malam ya bar ta a Adar, can ko ba komai ba a hawa matakala kafin a tona.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Yaro ba ya fasa neman ruwa don an kafa allo. An kore su daga tsohon wuri, sabon ba ruwa, sai suka koma inda ba gardi: gefen mashigar bak, jirgin da ke ƙetare da mutane zuwa Lamorde. Can ne ruwa ya rage da zurfi, can ne kuma yake ja. Na fara ganin kitson Rakiya a jiƙe da yamma. Na tambaya, ta ce zufa ce. Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa cin karo da zufa mai ƙarnin kifi ba.

Makon jiya na bi ta daga nesa, na dawo daga wani suna ke nan, cikin babbar rigata da ta sha guga. Na iske ta tsaye a bakin wani kwalekwale da aka ɗaure, yara na tsalle daga kansa ɗaya bayan ɗaya. Na daka mata tsawa, na taka wani katako mai santsi don in kamo ta. Abin da ya biyo baya ba zan tsawaita ba, mutane da yawa sun gani, kuma sun fi ni iya ba da labarin. Na tuna littafin nan sarai, har hoton da ke shafin. Sai dai babbar riga idan ta sha ruwa takan zama wata halitta mai ra'ayin kanta, kuma kogi bai yi kama da benci ba ko kaɗan. Wasu mata biyu masu wankin tukwane ne suka kama wuyan rigar suka jawo ta, suka same ni a ciki. Ɗayarsu ta dube ni ina amayar da kogi, ta ce ashe Mushe An-Hana ne, shi ba a hana shi ba? Hulata, in ba a tsare ta a hanya ba, yanzu kogi ya kusa kai ta garin Gaya.

An yi dariya, ni ma daga baya na yi. Wadda ba ta yi ba ita ce Rakiya. Ta riƙe hannun rigata har gida, tana cewa Baba ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba. Na san za ta ƙara. Zafi bai wuce ba, ƙawayenta na can, ni kuma ina aji da rana.

Ranka ya daɗe, abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ranar nan ni na zame. Da ita ce ta zame, babban da ke wurin nata ni ne, kuma ka ji abin da na iya. A tsohon wuri ni uba ne mai iya ceton 'yarsa, don ba a bukatar komai sai sunkuyawa. A mashigar bak ni ƙarin kaya ne ga masu wankin tukwane. Kuma irina suna da yawa a garin nan: mun zo daga ƙasar rijiya neman abinci, mun haifi 'ya'yan kogi.

Don haka ina roƙo.

A cire wayar nan daga tsohon wuri tun daga shigowar bazara har ruwa ya fara dawowa. Da sanyi a mayar da ita, lokacin wurin yana da haɗari da gaske, ba mai musu. Allon ma kada a jefar, masu wanki na bukatarsa.

In wannan sai an yi zama an tattauna, to kafin a zauna a ɗauke gardin nan mai taya daga gadin akuya, a kai shi mashigar bak inda yaran suke. Wannan ba ya bukatar siminti, ba ya bukatar awo. Gobe ma ana iya yi, kuma goben nake roƙo.

In za a sake gina wani wuri, a aiko masu awo da bazara, da tsakar rana, kuma a ce su cire takalmi.

Daga ƙarshe ina gayyatarka, da dukan girmamawa, ka zo sabon wurin wata Alhamis da iyalinka. Zan zo da tulu in zuba maka a ƙafa, don kada a ce ka zo wanka ka koma a bushe. Daga nan mu taka tare zuwa mashigar bak, in nuna maka Rakiya. Ba za ka sha wuyar gane ta ba, ita ce mai waige-waige tana duban ko ubanta ya sake biyo ta.

Allah ya taya ka riƙon wannan aiki, ya sa ka gama lafiya, ya raya maka zuri'a, ya tsare 'ya'yanka da namu daga ruwan da ya fi ƙarfin iyayensu. Ranar da aka cire wayar, ni zan sanar da unguwa, da Hausa da Zabarmancina duka, ko Allah ya sa a sauya mini suna.

Wassalam.

Naka mai biyayya, har fiye da kima,
Mushe Abdu Ɗan Adar,
Zongo, Yamai.