Na karanta wa aji waƙar ɗalibata, sirrin gidansu ya fita

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe. Kwana tara ke nan ina zagin kaina da kaina.

Ni malamin Ingilishi ne a wata makarantar sakandare nan Malanville, ajin ƙarshe nake koyarwa. Duk wanda ya taɓa aikin nan ya san wahalar darasin waƙa. Yaranmu da Dendi da Hausa suka tashi, Faransanci a makaranta suka same shi, Ingilishi ne na huɗu, sai ka kawo musu waƙa kan dusar ƙanƙara ka ce su tattauna, su zuba maka ido har a kaɗa ƙararrawa. Shi ya sa na ce kowa ya rubuto tashi waƙar kan abin da ya sani, ko da Ingilishin ya karkace. Da bakina na yi musu alkawari cewa ba mai gani sai ni.

Akwai wata yarinya, zan kira ta Rabi, daga ƙauyen Garou take zuwa a keke, tana zama layin baya, ba ta cika magana ba. Waƙarta ce ta tsayar da ni. Mai magana a ciki tana riƙe da hannun wani ƙaramin yaro a bakin kogi, an hana su zuwa amma sun je, hannun ya sulɓe, ruwa ya rufe. Ta shanya zanenta bayan rumbun albasa kafin ta shiga gida, da aka tambaye ta ta ce ba ta gan shi ba. Layin ƙarshe ya ce mutane sun tsinci takalmi kore ƙafa ɗaya a gaɓa, ɗayar ƙafar tana ƙasan akwatinta. A gindin takardar ta rubuta da Hausa: “Mushe, kai kaɗai.” Mushe, wato “monsieur” na Faransanci, haka ake kiran malami a nan. Na gani. Ba zan ce muku ban gani ba.

Sai aka ce mai duba malamai zai zo daga Kandi ya zauna a darasina. Shekara biyu yana rubuta cewa ajina ba ya motsi. Na ɗauki waƙar Rabi, na gyara nahawun, na cire sunanta, na buga, na rubuta a ƙasa cewa ba a san marubucin ba. Na ce wa zuciyata ai ƙirƙira ce, yarinya ce mai basira. To in ƙirƙira na ɗauke ta, me ya sa na cire sunan? Me ya hana in tambaye ta?

Ranar, ajin ya tashi irin yadda ban taɓa gani ba. Hannuwa sama, ana gardama kan me ya sa kogin bai da suna, me ya sa mai magana ta shanya zane kafin ta yi kuka. Mai duba malamai yana ta gyaɗa kai yana rubutu, ni kuma daɗi ya cika ni, ban ko dubi layin baya ba. Na yi tambayar da na koya musu tun farkon shekara: wa ke magana, kuma wace shaida kuka gani a cikin layukan? Wani ɗalibi, shi ma ɗan Garou, ya miƙe. Ya fara da Ingilishi, ya kasa, ya koma Hausa. Ya ce, “Mushe, wagga waƙa ba ta Turawa ba ce. Garinmu aka tsinci takalmi kore ƙafa guda, shekara huɗu ke nan. Ƙanen…” Bai ƙarasa ba, ya dai juya ya dubi layin baya. Aji duka ya juya tare da shi. Rabi ta tattara littattafanta a hankali, ta fita, ba ta kalli kowa ba. Ni kuwa, Allah ya gafarta min, na ce, “Mu ci gaba, layi na bakwai.” Da aka tashi mutumin Kandi ya riƙe hannuna ya ce bai ga darasi irin wannan ba duk bana.

Tun ranar ba ta dawo makaranta ba. Ran kasuwa na je na same ta wajen masu albasa, tana taya goggonta. Na ja ta gefe na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. “Mushe, ka ce kai kaɗai. Shekara huɗu ban faɗa wa kowa ba, na zaɓi harshen da ba mai ji gidanmu.” Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce maganar ta zaga Garou, innarta ta daina cin abinci, babanta bai tambaye ta komai ba, kallonta kawai yake. Ta ce, “In ya zo wurinka ka ce daga littafi ka ɗauko. Wannan kaɗai nake roƙo.”

Jiya ya zo. Dattijo ne manomin shinkafa, ya jingine kekensa, ya tsaya ƙofar aji har na gama darasi. Na zaci faɗa zai yi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, “Mushe, ɗiyata ta rubuta takardag ga ko ba ita ba?” Na ce daga wani tsohon littafi ne, dacewa ce kawai. Ya ce, “Shekara huɗu uwassu na cewa ita ta kashe yaron, don ta tahi gona ta bar shi. Ba ta kwana, ba ta zuwa biki. Ba mu san ko ya kira wani ba, ba mu san ko shi ɗai yake ba. In akwai wanda ya san yadda aka yi, ina son in ji kahin in mutu.” Sannan ya ce in kawo littafin ran Litinin, zai zo da ɗan maƙwabcinsa da ya yi karatu a Sakkwato ya karanta mishi.

Anti, babu littafi. Takardar Rabi ce kawai, da rubutun hannunta, tana cikin jakata. In na nuna mishi, na ci amanarta karo na biyu, kuma ban san abin da zai yi wa yarinyar da take da shekara sha huɗu lokacin da tsoro ya rufe mata baki ba. In na ci gaba da ƙarya, na bar uwa tana ɗauke da laifin da ba nata ba, kuma ƙaryar ba za ta wuce Litinin ba. Na yi tunanin in koma wurin Rabi in ce mu je tare ta faɗa da bakinta, ni in fara faɗin nawa laifin a gabansu. Amma da wace fuska zan ce ta sake yarda da ni? Jarrabawarta saura wata biyu, ga shi ba ta zuwa aji.

Yau Asabar. Ku da kuke iyaye, ku da kuke malamai, don girman Allah ku faɗa min gaskiya ko da za ta yi min zafi. Me zan yi?